Kafin ka zuba kuɗinka a kyamara, tsaya ka ji

Kusan duk sati sai wani ya tare ni da tambaya ɗaya, wai wace kyamara zai saya, Canon ko Nikon ko Sony. Ni dai ba ni da situdiyo, ban taɓa cin abinci da hoto ba, sha'awa ce kawai ta sa na daɗe ina yawo da kyamara a wuya daga Dala zuwa Kurmi, to amma na yi asara iri-iri a hanya, ita ce ta koya min ɗan abin da zan gaya maka. Na farko dai ka cire ranka daga kan jikin kyamarar, shi ne ƙaramin abu a lissafin. Mutum zai tattara duk abin da ya tara ya narka a jiki, sannan ya ɗauki canjin da ya rage ya sayi memori mafi araha a teburin bakin titi, to wannan shi ne an yi ba a yi ba.

Idan yanzu za ka fara, ta hannu ta ishe ka. Canon 600D tun 2011 ta fito, megafiksel 18 gare ta, Nikon D3200 ta 2012 ce mai 24, Sony a6000 kuma ta 2014 ita ma 24. Duk tsofaffi ne, amma kowacce za ta ba ka hoton da za ka wanke babba ka rataye a falo ba wanda zai ce uffan. Abin da za ka duba wajen saye shi ne lafiyarta, kar ƙyallin jiki ya ɗauke maka hankali. Ka tafi da memorinka a aljihu. Ka tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe duk ɗauka, tana da iyaka kamar injin mota, irin D3200 an ƙera tata ne a kan ɗauka wajen 100,000, in ka ga ta kusa can to ka rage kuɗi ko ka haƙura. Nikon tana rubuta wannan adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa yawanci sai an jona ta da kwamfuta. Sannan ka matse ƙofar lens ɗin zuwa f/22 ka ɗauki farin bango ko farar takarda, ka buɗe hoton ka zuƙo shi, duk dattin da ke kan sensa, wato farantin cikin kyamara da ke kama hoton, zai fito ɗigo-ɗigo. Ƙura ba komai ba ce ana gogewa, amma in ka ga layi ko ƙarzuwa ka ajiye musu kayansu. Shi ma lens ɗin ka cire ka haska tocilan wayarka ta ciki, in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo to funfuna ce, kar ka yarda a ce maka za ta fita da kanta.

Lens shi ne inda kuɗi ya kamata ya tafi. Wanda ke zuwa da kyamarar, 18-55 a Canon da Nikon, ba laifi da rana, amma da magariba ta kawo kai sai ya fara ba ka kunya. Ka nemi 50mm f/1.8, shi ne mafi arahar lens mai kyau, shi ke sa fuska ta fito tas bayanta ya narke, irin hoton da amare ke so. Sai dai akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. A kan ƙananan kyamarorin nan 50mm yana matsowa, a Canon ya zama kamar 80mm, to ka shiga ɗakin amarya a cikin gari, ga gado ga kabet ga ƙawaye, ina za ka ja baya? Za ka manne da bango amma mutum biyu kawai za su shiga. Don haka in aikinka na cikin ɗaki ne 35mm ya fi, ko 24mm. Kuma mai Nikon D3200 da ire-irenta ya kula, jikinta ba shi da motar saita gani, dole lens ɗin ya zama mai rubutun AF-S, in ka sayi tsohon 50mm mai harafin D da hannu za ka riƙa murɗawa. Na hawa da abin nesa kuwa 55-250 ko 70-300, shi ke nan, kar ka tara tarkace.

Sai maganar ƙura, wadda duk mai kyamara a Kano ita ce kishiyarsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ba inda ba ya shiga, ko a bazara ma in adaidaita sahu ya wuce ka a lungu ya isa. Kar ka canza lens a fili. Ka shiga mota ka ɗaga gilashi, ko ka shiga zaure, ka kashe kyamarar, ka kifa bakinta ƙasa, ka canza da sauri. Ka sayi ɗan famfon robar nan mai hura iska, da shi za ka fara kore ƙurar kafin ka sa ƙyalle, saboda ƙurar nan yashi ce, in ka goge ta a bushe kankare gilashin kake yi. Dan Allah banda hurawa da baki, yawu ne zai biyo, banda kuma gogewa da hannun riga, ballantana shadda mai sitati. Watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba, kar ka bar jaka a ciki ka tafi sallar Juma'a, batir ne zai fara mutuwa. Da damina kuma laima ce matsalar, ka samu robar abinci mai murfi mai kamawa, ka tara ƴan ƙunshin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi masu tsotse danshi ka zuba, ka riƙa ajiye lens a ciki.

To yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne, memori. Bikin ƙanwata na sayi wani mai rubutun 128GB a wani shago, farashin ya yi min daɗi har ina ganin na yi wayo. Tun daga kamu har ɗaurin aure ina ta ɗauka, kyamara tana nuna min komai lafiya, sai da na zo kwashewa a laftop na ga hotunan farko kaɗan ne ke buɗewa, sauran duk suna ne kawai ba komai a ciki. Ashe jabu ne, cikinsa ƙarami ne aka yi masa dabara yake faɗar ƙarya, da ya cika sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa. Irin wannan ba manhajar da za ta dawo da shi, tunda tun farko bai ajiye ba. Har yau in zancen bikin ya taso Hajiyarmu sai ta kalle ni, ni kuwa sai in sunkuyar da kai.

Tun daga ranar duk memorin da na saya sai na gwada shi kafin ya shiga kyamara. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta a Windows mai suna H2testw, tana cika memorin taf da bayanai sannan ta karanta ta gani ko duk suna nan, tana cin lokaci amma ka bar ta ta gama, in jabu ne a nan asirinsa zai tonu, ka mayar tun rasit bai ɓata ba. Sunan SanDisk ko Lexar a jikin kwali ba hujja ba ce, su aka fi kwaikwaya ma. Ka duba alamar U3 ko V30 in kana bidiyo, ma'anarta ba zai gaza rubuta 30MB a daƙiƙa ba. Kuma ni a ganina gara 32GB guda uku da 128GB guda ɗaya, in ɗaya ya lalace ko ya faɗi a wajen taro ba duka ka rasa ba. 32GB ɗin ma ba kaɗan ba ne, hoton RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, na kyamara mai megafiksel 24 wajen 25MB yake, ka ga zai ɗauki sama da dubu. Fomatin kuma a cikin kyamarar za ka yi, ba a kwamfuta ba. In tsautsayi ya sa ka goge hotuna ko ka yi fomatin bisa kuskure, ka zare memorin nan take kar ka ƙara ɗaukar ko ɗaya a kansa, yawanci suna nan ba su tafi ba sai an rubuta wani a kansu, manhajar PhotoRec ko Recuva na iya zaƙulo su.

Hoton da yake waje ɗaya tak kar ka sa shi a lissafi. Masu harkar suna cewa kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma ba a gidanka ba. Wato ɗaya a laftop, ɗaya a had disk na waje, na ukun a intanet ko wani had disk ɗin da za ka kai gidan yayarka ka riƙa sabuntawa duk wata, domin ɓarawo ko gobara, Allah ya kiyaye, in suka zo laftop da had disk ɗin da ke gefensa tare za su tafi. Google na ba da 15GB kyauta amma da Gmail da Drive da Photos duk a ciki suke rabawa, RAW ɗari shida sun cinye shi, ga kuɗin data, saboda haka zaɓaɓɓu kawai nake ɗorawa a JPEG. Had disk mai juyawa ya fi araha amma faɗuwa ɗaya daga kan tebur na iya gamawa da shi, musamman yana cikin aiki, na tafiya SSD ya fi, shi ba abin da ke juyawa a cikinsa. In kwamfutarka ta tebur ce kar ka fara kwashe hotuna sai da abin riƙe wuta, kowa ya san halin wutarmu, kuma kwafi za ka yi, kar ka yanke ka liƙa, sai ka buɗe ka tabbatar sun shiga. Sunan folda ka fara da shekara, sai wata, sai abin da aka yi, kuma ka saita agogon kyamarar, in ba haka ba bayan shekara biyar za ka ga duk hotunanka suna cewa rana ɗaya aka ɗauke su. Wani abin haushin, mutum ya tura hoto ta WhatsApp ya goge na asali, ai WhatsApp matse shi yake yi, in dole ne ka tura shi a matsayin dokumen.

Wajen ɗauka kuwa, lokaci ya fi kaya. Ka hau Dutsen Dala bayan asuba rana na ɓullowa, ko bayan la'asar, garin zai fito maka da inuwa da launi, amma da tsakar rana komai fari fat ido ya faɗa rami. Ranar da hazo ya yi kauri ka manta da hoton nesa, ka koma kan fuskoki da hannaye, hasken ranar yana da laushi kamar an sa labule. Karofin Ƙofar Mata, da ake lissafa shi tun 1498, da hantsi ya fi, ka durƙusa daidai bakin ramin ka kama hannun marini yana tsamo zane daga baba. Cikin Kurmi rumfuna sun tare haske, kar ka ji tsoron kai ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a duhu, zuwa 1600, hoto mai ɗan yashi-yashi ya fi wanda ya girgiza. Ga kuma matsalar da ta fi damun mu nan, farar babbar riga. Kyamara in ta ga fari ya cika mata ido sai ta rage haske, rigar ta koma toka-toka fuskar mai ita ta yi duhu, to ka nemi maɓallin nan mai alamar +/- ka ƙara zuwa +1, ka duba, in aikin wuyan rigar ya fara ɓacewa ka ɗan rage.

Hawan Sallah shi ne jarrabawar kowa, ga shi UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2024. Doki a guje yana son shota 1/1000 ko sama, ka sa saitin gani mai bin abu, AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony, ka danne ta riƙa ɗauka a jere. Hawan Daushe da yamma ake yi, kafin a zo jafi a Ƙofar Kudu haske ya fara ja, sai ka riƙa ɗaga ISO kana tafiya. Lens ɗaya za ka ɗaura tun daga gida, tsakanin ƙurar kofato da hayaƙin ƴan bindiga ba wajen canji. Kuma idonka na cikin kyamara ba ka san doki ya iso ba, zum yana ruɗar mutum, ka samu wani ya tsaya a bayanka yana riƙe da rigarka.

Ka yi sallama kafin ka ɗaga kyamara. Dattijo a bakin sana'arsa ka gaishe shi, ka ce Baba in ɗauka? in ya ce a'a ka yi godiya ka wuce, in ya yarda ka nuna masa a sikirin, in wajen masu karɓar baƙi ne irin karofi ka ba da na goro. Mata da yaran mutane banda ɗauka ba izini. Bariki, shingen jami'an tsaro da filin jirgi kuwa ko murfin lens kar ka buɗe.

In tafiya ta kama, ko Tiga ce ko Zariya ko Yankari, ka rage kaya, jiki ɗaya, lens biyu, batir uku. Jakar da ke da tambarin Canon ɓaro-ɓaro talla ce ga masu ƙwace, ni tsohuwar jakar makaranta nake sa wa soso a ciki, a adaidaita kuma tana kan cinyata ta ɓangaren ciki, igiyar a naɗe a hannu. Ka nemi cajar batir mai shiga USB don fawa bank ya yi maka aiki inda ba wuta. In jirgi za ka hau, batiran da ba sa cikin kyamara a jakar hannu ake sa su, ba a yarda su shiga cikin kayan awo ba. Kowane dare kafin ka kwanta ka kwashe na ranar a SSD ko a waya, amma kar ka goge memorin sai ka dawo gida kwafi ya zama biyu. Wanda ya cika ka tura ɗan makullin da ke gefensa ƙasa, ka sa shi a aljihun gaba na rigarka, ba cikin jakar kyamarar ba.