Yadda ake buga hoton balbela da bado da katako, irin na mutanen Japan

Hoton tsuntsu da fure da ake bugawa da katako, mutanen Japan na kiransa kacho-ga. Hiroshige, wanda ya rasu a 1858, da Ohara Koson, wanda ya rasu a 1945, sun yi suna a kansa. A zamaninsu icen ceri ake sassaƙawa. A Kaduna filawud mai laushin fuska daga Panteka ya isa, a goge shi da samfefa.

Kowace kala da katakonta. Mai koyo ya tsaya a uku: baƙi na zane, kore na ganyen bado, shuɗi na ruwa. Balbela ba ta cin kala, farin takarda ne jikinta. Zana hoton a siririyar takarda, ka kifa shi a kan katakon farko, wato na baƙi, ka manna, sannan ka sassaƙe duk abin da ba layi ba. Daga wannan katakon ake buga kwafin da za a manna wa sauran.

Kafin komai, yanka kento a kowane katako: kusurwa ɗaya mai siffar L, da ɗan miƙaƙƙen layi a gefe guda, zurfinsu kamar kaurin takardar. Nan takarda ke zama duk bugu. Kento ya goce da milimita 1, kore zai hau ƙafar balbela, kuma takardar da aka buga ba ta gyaruwa.

Danshi shi ne rabin aikin. Jiƙa tsofaffin jaridu da burushi, jera takardun a tsakaninsu, sa a leda su kwana. Da safe takarda ta yi sanyi a kumatu, ba ta ɗiga. Da hunturu kada ka bar ta a waje ko na minti 1, don tana bushewa ta tsuke, kalolin su saɓa. Da damina kuwa, ta wuce kwana 3 a leda sai ta yi fumfuna.

Dama garin shinkafa cokali 1 da ruwa cokali 8, dafa har ya yi kamar kunu. Jiƙa katako, ɗiga kala mai narkewa a ruwa da ɗigon kunun, gauraya da burushi a kai. Kunu ya yi kaɗan, kala ta fito tsatsa-tsatsa. Ya yi yawa, ta taru a bakin layi. Ɗora takarda, murza bayanta da baren, wato faifan da ake naɗewa da ɓawon gora. Bayan cokalin katako ma yana yi.

Gashin balbela kuwa, sassaƙa shi a katako na huɗu ka murza babu kala, sai ya fito tudu-tudu a farar takarda.