Kurakuran da ɗalibai ke maimaitawa kan yadda Yahudawa suka fuskanci masifu a tarihi

Wannan zangon karatu ma haka aka yi. Na ba ɗalibai aiki kan yadda Yahudawa suka riƙa ɗaukar masifun da suka same su tun daga zamanin Babila, takardu suka dawo kamar an haɗa baki. Kurakuran bara su ne na bana. Jan birona har ya kusa ƙarewa. Shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda, duk wanda ya zo in miƙa masa, bakina ya huta.

Zan fara da wanda ya taɓa kayar da ni, wato jimlar nan: "sai Yahudawa suka yi kaza." Lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu, na yi babi guda cur a kan cewa duk sa'ad da bala'i ya auka musu, haƙuri suke yi, su ce zunubinsu ne ya jawo, su zauna jira. Babin ya yi mini daɗi ƙwarai. Malamin da ke duba aikina ya riƙe shi mako uku, ya dawo mini da shi da kalma ɗaya a gefen kusan kowane shafi: "Waɗanne?" Na same shi a ofis ina huci. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malam, je ka karanta littafin Irmiya a Baibul, sura ta 28 da ta 29, sannan ka dawo." Wata shida wannan kalmar ta ci mini.

Ga abin da na tarar. A shekara ta 597 kafin haihuwar Annabi Isa, Nebukadnezzar, wanda littattafan Larabci ke kira Bukhtanassar, ya kwashi sarkin Yahuza da manyan gari zuwa Babila. Wani mai suna Hananiya ya miƙe a cikin Haikali, wato babban ɗakin ibadar Yahudawa a Urushalima, ya ce nan da shekara biyu kowa zai dawo, har ya ciro karkiyar icen da Irmiya ya rataya a wuya ya karya ta a gaban jama'a. Irmiya kuwa wasiƙa ya aika wa waɗanda aka kwashe: ku gina gidaje, ku yi shuka, ku aurar da 'ya'yanku, ku roƙa wa birnin da kuke ciki zaman lafiya, domin zaman na shekara saba'in ne. Sannan ga mai Zabura ta 137, ya rataye molonsa a bakin kogin Babila ya ce ba zai yi wa waɗanda suka kama shi waƙa ba, ya rufe da addu'ar ramuwa mai tayar da tsikar jiki. Mutum uku, masifa ɗaya, ba wanda ya yarda da ɗan'uwansa. To wanne ne "Yahudawan" da nake ta faɗa?

Da idona ya buɗe sai na ga ko'ina haka abin yake. A 1096, da mayaƙan Salibi suka auka wa garuruwan Worms da Mainz a bakin kogin Rhine, Yahudawa da yawa sun zaɓi mutuwa, wasu har suka kashe 'ya'yansu da hannunsu don kada a tilasta musu barin addini. Bayan shekara sittin da 'yan kai, da masu mulkin daular Muwahhidun suka matsa wa Yahudawan Andalus da Maroko, malamin Yahudawa Musa bin Maimun ya rubuta wasiƙa yana cewa wanda aka tilasta ya furta kalma da baki, ya furta ya tsira da ransa, ya riƙe addininsa a ɓoye, da ya sami hanya ya bar ƙasar. Shi kansa haka ya yi ta ƙaura daga Kurɗuba zuwa Fas, har ya ƙare a Masar. Haka nan bayan kashe-kashen da aka yi wa Yahudawa a Rasha a 1881: kusan mutum miliyan biyu suka nufi Amurka kafin 1924, kaɗan suka nufi Falasɗinu. A shekarar 1897 da ɗan jarida Herzl ya tara taron Sahayoniya na farko a Basel, wato na masu neman kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu, a shekarar ce aka kafa ƙungiyar ma'aikata ta Bund a Vilna, wadda ta ce nan inda muke za mu nemi haƙƙinmu, ba mu zuwa ko'ina. Taron ma a Munich aka so yi, malaman Yahudawa da shugabannin jama'arsu na can suka ƙi.

Maganin da na yi wa kaina shi ne, kafin in rubuta layi ɗaya kan kowace masifa, sai in raba takarda gida uku: wa ya ce a yi faɗa, wa ya ce a zauna a lallaɓa, wa ya ce a tashi. In gida ɗaya ya zauna fanko, na san karatuna bai ƙare ba. Wasu abokan aikina suna ganin rabon ya yi sauƙi da yawa. Su ta shafa. Ni dai tun daga lokacin ba a sake rubuta mini "waɗanne" ba.

Na biyu kuwa shi ke sa ni in ajiye biro in fita shan iska. Haba jama'a! Sau biyu aka rushe Haikalin Urushalima, ba sau ɗaya ba. Babilawa suka rushe na farko a 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Rumawa ƙarƙashin Titus suka rushe na biyu a shekara ta 70 miladiyya. Tsakaninsu ya haura shekara 650. Amma wani ɗalibi ya rubuta mini, da kyakkyawan rubutu kuwa, wai Titus ya kwashe su ya kai Babila. Na san inda ruɗanin ya samo asali: rana ɗaya ake azumin tunawa da duka biyun, tara ga watan Ab na kalandar Yahudawa. Wannan ba uzuri ba ne, domin in ka cakuɗa su, ka zubar da ainihin darasin. Bayan na farko, Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba da izinin komawa, aka sake gini aka gama wajen 516, hadaya ta ci gaba. Bayan na biyu ba a sake gini ba. An gwada takobi ƙarƙashin Bar Kokba daga 132 zuwa 135, babban malami Akiba ya mara masa baya, aka kwashi kashi a hannun sarki Hadiriyan. Dole malamai suka mai da addu'a da karatu da aikin alheri a gurbin yanka, suka tattara hukunce-hukuncen baka cikin littafin da ake kira Mishna wajen shekara ta 200. Addinin Yahudanci da ake gani yau daga can ya ɗauki siffarsa. Har dalilin da suka bayar ya bambanta: Talmud, littafin sharhin malamansu kan Mishna, ya ce na farko ya faɗi saboda bautar gumaka da zina da zubar da jini, na biyu kuma saboda ƙiyayya ba gaira ba dalili a tsakaninsu.

Kusa da wannan akwai labarin Yohanan ɗan Zakkai, wanda aka ce almajiransa sun fitar da shi daga Urushalima cikin akwatin gawa lokacin da Rumawa suka kewaye ta, ya gana da jagoran yaƙin Rumawa Basbasiyan, ya yi masa albishir da sarauta, ya roƙi a bar masa garin Yabne da malamansa. Labari ne mai daɗi, amma ɗaruruwan shekaru bayan aukuwar abin aka rubuta shi, ruwayoyinsa kuma sun saɓa. Yusufus marubucin tarihi ma ya ce shi ne ya yi wa Basbasiyan wannan albishir. Ka rubuta "malamai sun ruwaito", kada ka kawo shi kamar labaran ƙarfe bakwai.

Sauran ƙanana ne. Musa bin Maimun ba Annabi Musa ba ne, likita ne da ya rasu a 1204. Na taɓa ganin an sa masa alaihissalam. Talmud ba Attaura ba ne. Bikin Hanuka ba ya cikin Attaura, tunawa ne da tsarkake Haikali a 164 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan tawayen da Makabiyawa, wani gidan Yahudawa, suka jagoranta kan sarakunan Girkawa. Shabbatai Zebi, wanda dubbai suka bi a matsayin Almasihu a 1665, Musulunci ya shiga a 1666, ba kashe shi aka yi ba. In kuma ka zo 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Sifaniya Daular Usmaniyya ta karɓi da yawansu, kada ka ɗauka labarin can nesa ne kawai: a daidai wannan lokaci Shehu Magili ya sa aka rushe majami'ar Yahudawan Tuwat da ke saharar Aljeriya ta yau, alƙalin yankin yana jayayya da shi, kuma Magilin nan shi ne baƙon Sarkin Kano Muhammadu Rumfa.

Wanda zai rubuta cewa a zamanin 'yan Nazi sun miƙa wuya kawai, ya fara karanta boren unguwar Yahudawan Warso na Afrilun 1943. Ya kuma nemi labarin Emanuel Ringelblum, masanin tarihin da ya tara mutane a cikin wannan unguwa suna rubuta abin da suke gani, suna adana har takardun rabon abinci da rubutun yara 'yan makaranta. Suka zuba a akwatunan ƙarfe da garewanin madara suka binne. An tono kashi ɗaya a 1946, wani a 1950. Na ukun har yau ba a same shi ba.