Kurakuran da ke hana a biya ma'aikaci kuɗin jinyar da ya yi a wata ƙasa lokacin annoba

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kwana goma bayan nan Amurka da Kanada suka rufe iyakarsu ga duk tafiyar da ba ta dole ba. Indiya ma ta tsayar da jiragen fasinja masu shiga da fita, ba ta mayar da su yadda suke ba sai 27 ga Maris 2022. Ma'aikata da yawa kulle ya same su a ƙasar da ba tasu ba, wani aiki ya kai shi, wani hutu, wani ya raka mara lafiya. Ciwo ya kama su a can, suka biya asibiti daga aljihunsu da tunanin inshorar wurin aiki za ta mayar musu. Da aka dawo gida aka miƙa takardu, sai amsa ta zo da ƙi.

Abin da ke damuna shi ne yawancin waɗannan mutane ba ƙarya suka yi ba. Sun yi jinya da gaske, kuma ana cire musu kuɗin inshora a albashi duk wata. Ƙananan abubuwa ne suka kayar da su, kuma kusan duk tun kafin a kwantar da su a asibiti aka yi kuskuren.

Babban cikinsu shi ne zaton cewa katin inshora yana bin mutum duk inda ya sa ƙafa. Kowace yarjejeniyar inshora tana da yankin da ta tsaya. Wata ƙasa ɗaya ce kawai, wata ta haɗa da maƙwabta, wata kuma ta ce duk duniya ban da Amurka, saboda tsadar asibiti a can. Akwai wadda ke biyan jinyar gaggawa a waje amma ta ƙayyade kwanakin da tafiya ɗaya ba za ta wuce ba. Wannan ƙayyade kwanaki shi ya fi cin mutane lokacin kulle: mutum ya fita da niyyar mako biyu, rashin jirgi ya zaunar da shi wata huɗu, ciwon kuma ya zo a wata na uku, lokacin da kwanakin sun riga sun ƙare. Maganinsa, ka karɓi cikakkiyar takardar yarjejeniyar daga ofishin kula da ma'aikata, ba ɗan taƙaitaccen bayanin da ake rabawa ranar ɗaukar aiki ba, ka nemo sashen da ya yi maganar ƙasashen waje ka karanta shi da kanka. Idan ka ga zamanka zai zarce kwanakin, rubuta wa kamfanin inshorar tun kana da lafiya ka nemi ƙarin wa'adi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan sai rashin bambance gaggawa da jinyar da aka shirya. Wanda numfashi ya sarƙe masa cikin dare ba wanda zai ce ya jira izini. Asibiti mafi kusa za a kai shi. Abin da ake so kawai wani nasa ya kira lambar da ke bayan katin da wuri, domin yawancin kamfanoni suna sa wa'adin kwana ɗaya ko biyu a sanar da su. Amma wanda aka ɗage masa tiyata a gida saboda masu korona sun cika gadaje, ya ga gara ya tsallaka iyaka a yi masa a can, wannan a wurin kamfani ba gaggawa ba ne, komai zafin ciwon. Sai da izini kafin ya tafi. A Tarayyar Turai ma da iyakoki suke a buɗe haka abin yake. Katin EHIC, wato katin inshorar lafiya na Turai, na jinyar da ta zama dole ne yayin ɗan zama a wata ƙasa, a asibitin gwamnati. Ba ya ɗaukar nauyin wanda ya tafi musamman don neman magani, ba ya biyan kuɗin jirgin da zai mayar da mara lafiya gida. Jinyar da aka shirya tana da tata takardar, S2, ko kuma a bi dokar 2011 ta jinya a ƙetare, wadda a ƙarƙashinta kai za ka fara biya, sannan a mayar maka abin da bai wuce kuɗin wannan aikin a ƙasarka ba.

Kuma izinin ya zama a rubuce. Mutane da dama sun dogara da cewa "ai na kira, an ce ba komai". Wa ya ce? Yaushe? Idan ka yi waya, rubuta ranar da sa'ar da sunan wanda ya amsa da lambar da ya ba ka, sannan ka bi da imel kana maimaita abin da aka faɗa maka, ka nemi su tabbatar.

Wani tarkon na lokacin annoba ne kaɗai. Ranar 17 ga Maris 2020 gwamnatin Birtaniya ta shawarci 'yan ƙasarta su bar duk tafiyar da ba ta dole ba, kuma inshorar tafiya da yawa ba ta biyan wanda ya fita bayan irin wannan gargaɗi. Wasu kamfanonin suka ce korona ta zama sanannen abu, don haka wanda ya sayi inshora bayan an ayyana ta ba zai ce ba-zata ta same shi ba. In wurin aikinka ne ya tura ka duk da gargaɗin, kada ka hau jirgi sai an ba ka takarda mai nuna wanda zai ɗauki nauyinka idan ka kamu, har da kuɗin killacewa a otal, wanda inshorar lafiya ba kasafai take ɗaukarsa jinya ba.

Gwaji ma haka. Na likita don gano ciwo daban, na neman hawa jirgi daban. Ko a Amurka da dokokin Maris 2020 suka wajabta wa kamfanonin inshora biyan gwajin korona, wajabcin bai haɗa da gwajin tantance ma'aikata don komawa bakin aiki ba.

Sai takardu, inda aka fi yin sakaci domin mara lafiya da mai jinyarsa burinsu kawai a sallame su. Rasit mai jimla ɗaya ba ya wadatarwa. Ka nemi lissafi dalla-dalla: kuɗin gado, na iskar oksijin, na magani, na gwaje-gwaje, kowanne da ranarsa. Ka karɓi takardar sallama mai sunan cutar da lambarta. A tsarin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke ba kowace cuta lamba, U07.1 ce lambar korona da gwaji ya tabbatar, U07.2 kuma ta wadda likita ya gano ta alamomi ba tare da tabbacin gwaji ba. Ka duba sunanka ya yi daidai da na katin harafi da harafi, ka ajiye shaidar biya ta banki domin ita ke nuna farashin canji na ranar. Idan takardun da wani harshe aka rubuta su, tambayi kamfanin ko yana son fassarar da aka buga wa hatimi. Duk wannan ka yi shi kafin ka bar ƙasar. Neman takarda daga asibitin da ya cika maƙil da marasa lafiya, kana wata ƙasa kana bugo waya, wahala ce da ba na yi wa kowa fatanta.

Akwai kuma masu aiki daga gida da suka koma wata ƙasa ba su gaya wa kowa ba. Inda kake zaune kana aiki yana iya sauya ƙasar da ke da alhakin inshorarka. A Turai an sassauta wannan ƙa'ida saboda annobar, sassaucin ya ƙare 30 ga Yuni 2023. Ɓoye adireshi ba ya taimakon kowa, domin ranakun da ke jikin takardun asibiti za su nuna inda kake.

Wanda kuma ya kamu a bakin aiki, musamman ma'aikacin jinya, ya tambaya ko lamarinsa na diyyar ciwon aiki ne. Asusun daban yake, kuma galibi ana son a kai rahoto nan take.

Na ƙarshe shi ne karɓar ƙi a matsayin hukuncin da ba ya tashi. Sau da yawa takarda ɗaya ce ta ɓace, ko an sa lambar cuta ba daidai ba. Ka nemi dalilin ƙin a rubuce tare da sashen yarjejeniyar da aka dogara da shi, ka samo wasiƙar likitan da ya duba ka mai bayanin dalilin da ya sa jinyar ba za ta jira ka koma gida ba, ka haɗa da shaidar soke jirginka da sanarwar rufe iyaka. Ka sa ofishin kula da ma'aikata a cikin maganar, tunda wurin aikinka ne ya ƙulla yarjejeniyar kuma muryarsa ta fi taka nauyi a wurin kamfanin. A Amurka doka ta ba mai inshorar wurin aiki aƙalla kwana 180 ya nemi a sake duba buƙatarsa. A wasu wuraren wa'adin bai kai haka ba, kuma yawanci daga ranar wasiƙar ƙin ake fara ƙirga shi. Idan kamfanin ya sake ƙi, ka kai takardunka hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora a ƙasar da aka ƙulla yarjejeniyar.