Yadda ake dashen itatuwanmu na gida a layi su rayu

Zafin Maris da Afrilu a Zariya ya fi gasa layukan da aka sare itatuwansu aka malale da siminti, kuma su ne ruwa ke kwanciya a kansu in Agusta ta zo. Ga yadda muke yi a layinmu na Tudun Wada.

Fara da mai unguwa da masu gidaje. Kowane dashe a damƙa shi ga gida ɗaya, domin itacen da aka ce na kowa ne, akuya ce ke gadonsa.

Sai zaɓen iri. Ni ba na son itacen turare, shanye ruwan ƙasa yake yi, ga inuwar ba ta taka kara ta karya ba. Nemi tsamiya, maɗaci, ɗorawa, kanya ko ɗinya, waɗanda suka saba da raninmu. Rimi, duk da ƙaunar da Zazzagawa ke yi masa, a kai shi filin makaranta ko maƙabarta, saiwarsa ɗaga katanga take yi. Ka kuma ɗaga kai ka dubi wayar wuta kafin ka sa diga.

Ƙwallon tsamiya da kalwa ɓawonsu na da tauri. Zuba musu ruwan zafi, su kwana a ciki, sannan ka shuka a hudaddiyar ledar ruwa tun Fabrairu. Kada ka yi gaggawar dasawa da ruwan farko; jira Yuni ko Yuli, damina ta zauna.

Rami ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi. Gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Yage ledar, dasa, barbaɗa toka saboda gara, ka kewaye da ƙaya ko bulo a ranar, ba gobe ba.

Aikin gaske daga Nuwamba yake farawa, lokacin da masu ɗaukar hoton bikin dashe suka watse. Bokiti 1 sau 2 a mako ya isa, da yamma. Ruwan alwala ya yi, na wanki mai omo kuwa a'a. Rufe gindin da busasshiyar ciyawa amma kada ta taɓa jikin itacen, gara na bi ta nan. In ya tsallake rani biyu, rage ban ruwa, amma kada ka cire kariyar sai ya fi ƙarfin bakin akuya.