Yadda Ake Fita da Yara Gandun Daji Daga Jos, Su Ƙaru Kuma Su Dawo Lafiya

Makarantu da Islamiyyu da dama a Jos kan cika bas da yara a ƙarshen zangon karatu, a nufi Yankari kai tsaye. Nan ne ake fara kuskure. Yaron da bai taɓa bin hanyar ƙafa cikin ciyawa ba, bai san ya dubi inda zai taka ba, ba a cikin dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,200 ya kamata ya fara koyo ba. A raba aikin uku: horo a gida ko harabar makaranta, gwaji a gandun namun daji na Jos, sannan Yankari.

Mataki na farko: horo kafin fita

A ware kwana biyu ko uku kafin ranar tafiya. Doka uku kacal za a ba yara, domin in ta kai goma babu wadda za ta zauna musu. Ta ɗaya, ba a sa hannu ko ƙafa inda ido bai gani ba: rami, ƙarƙashin dutse, kogon bishiya, ramin suri. Ta biyu, ba a ci, ba a tsinka, ba a ba dabba abinci. Ta uku, wanda ya ga babu kowa kusa da shi, ya tsaya cik inda yake.

Ta ukun nan sai an gwada ta a aikace, faɗa da baki ba ta isa. A rataya wa kowane yaro usur a wuya. Ɗaya ya ɓuya bayan aji, ya busa sau uku, ya saurara, ya sake busawa, sauran su nemo shi. Yaron da ya ɓace tsoro ke sa shi gudu, kuma kowane taku yana ƙara faɗin filin da za a neme shi. Ihu yana dushe murya cikin ɗan lokaci, usur kuwa yana kai nesa kuma ba ya gajiyar da yaro. A kuma sa wa kowa takarda a aljihu mai sunansa da lambar wayar manya biyu.

Kowane babba ya riƙe yara biyar, in 'yan ƙasa da shekara bakwai ne, uku. Ya san su da suna, su ma su san cewa Malam wane ko Anti wance ce tasu. Ana ƙirga kai lokacin shiga mota, lokacin sauka, da duk inda aka tashi daga hutu. Lissafin da aka bar wa "wani zai yi" shi ne wanda ba a yi.

Kayan sawa da na jaka

Takalmi rufaffe da safa, dogon wando, riga mai dogon hannu, hula. Silifas a bar shi a gida. Don Yankari a guji shuɗi da baƙi, launukan da ke jawo ƙudan tsando ke nan. Ruwan ƙasa ko toka-toka sun fi. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, don haka yaran da suka fito da rigar sanyi da asuba a Disamba za su tarar da zafin da ba su saba ba da rana a ƙasar Bauchi. Ruwan sha lita biyu ga kowane yaro a yini, kuma a sa su sha kowane rabin awa ko ba su ce suna jin ƙishi ba. A jakar taimakon gaggawa a sa bandeji, filasta, auduga, matsefata, farasitamol na yara, da ƙullin gishiri da sukari na ORS, wanda ake narkar da ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, a hannun babban da ke kula da shi.

Mataki na biyu: gwaji a Jos

Gandun namun daji na Jos, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, yana kan hanyar Miango, kuma ya isa wannan aiki: akwai itatuwa, akwai duwatsu, akwai dabbobi a killace. A je da safe, awa biyu zuwa uku. Babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, babu yaron da zai wuce na gaba.

Kada a mai da yawon lacca. A tsaya a inuwa, kowa ya yi shiru minti biyu, sannan a tambaya kukan tsuntsu iri nawa aka ji. A ba su littafi da fensir su zana ganye uku masu siffa daban. A nuna musu suri, a tambaye su ina gara ta samo ƙasar da ta gina shi, me ya sa maciji ke son ramukansa. Yaron da ya saba duba ƙasa yana neman sawu da gashin tsuntsu, shi ne zai hango maciji kafin ya taka shi. Sunayen itatuwa kuwa a fara da na Hausa da na harsunan yaran: ɗorawa, ɓaure, ɗinya, tsamiya. Na Turanci ya biyo baya.

Akwai tsirrai huɗu da ya kamata kowane yaron Filato ya gane da ido. Ƙyarana, wadda ake shinge da ita a ƙauyuka, farin ruwanta yana ƙona fata, in ya shiga ido sai a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a nufi asibiti. Bini-da-zugu, 'ya'yansa suna kama da abin ci, suna sa amai da gudawa mai tsanani. Zaƙami guba ne tun daga ganye har iri. Karara kuwa gashin kwasfarta ke sa ƙaiƙayi, kuma susa ƙara shigar da shi take yi. A manna filasta a ɗaga a cire gashin, sannan a wanke.

Abu biyu na Jos da ba a wasa da su. Tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka cika da ruwa suna da zurfi tun daga baki, gefensu kuma yana zaftarewa. Yaro kada ya kusance su ko don wanke hannu. Sai tsawa a damina. In aka ga walƙiya, a sa yara su ƙirga daƙiƙa har a ji ƙara: kowace daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, a sauka daga kan dutse, a bar gindin bishiya, a shiga gini ko mota, a jira minti 30 bayan ƙarar ƙarshe.

Mataki na uku: Yankari

An buɗe Yankari ga jama'a a 1962, ta zama gandun ƙasa a 1991, ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Daga Jos ana bi ta Bauchi, a kama hanyar Gombe, a karkata a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma akwai sauran kimanin kilomita 40 kafin sansanin Wikki. Tafiyar kusan awa huɗu ce, don haka a kwana ya fi a yi ta yini ɗaya a dawo cikin dare. Rani ne lokacin kallo, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru kusa da kogin Gaji.

Ba a shiga daji sai da jagoran gandu. A cikin mota kowa ya zauna, hannu a ciki, murya ƙasa. In an yi sa'a a ga giwa, ɓauna, gwanki ko gwambaza. In ba a gani ba, kashin giwa da sawun da ke bakin ruwa darasi ne, kuma jagora ya san karanta su. A ƙyale yara su yi masa tambaya da kansu.

Haɗarin da ya fi kusa ba giwa ba ce, birai ne na cikin sansani. Gwaggon biri ya san leda, ya san wa ke riƙe da biskit, kuma yaro ya fi masa sauƙin ƙwace. A ci abinci a ɗaki, a kulle ƙofa da taga. In ya kama abu, a sakar masa. Ja-in-ja ke kawo cizo. Cizo ko yakushi a wanke da sabulu da ruwa minti 15, a je asibiti ranar saboda cutar haukan kare. Gadu ma yana yawo cikin sansani kamar akuya, amma hauren nan nasa na gaske ne.

Ruwan Wikki yana da ɗumi, wajen digiri 31 dare da rana, kuma garau yake har ana ganin yashin ƙasa. Garau ɗin ne ke yaudara, domin kusa da dutsen da ruwan ke ɓulɓulowa zurfin ya shanye yaro. Ƙanana su tsaya a wuri marar zurfi, babba ɗaya cikin ruwa, ɗaya a tudu ba waya a hannu. Nutsewa ba ta da hayaniya.

In maciji ya sari yaro

A janye shi daga wurin, a kwantar da shi, a cire zobe, awarwaro da takalmi kafin kumburi ya taso. A ɗora wa gaɓar kara kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa mota, kada ya taka. Ba a ɗaurewa da igiya, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɓata lokaci wajen neman macijin. Ɗauri yana kashe nama, tsaga kuma haɗari ce babba in kububuwa ce, domin dafinta yana hana jini daskarewa, kuma yaro na iya zama kamar lafiya lau awoyi kafin jini ya fara fita ta dasashi. Gamsheƙa in ta yi tofi a ido, ruwa mai yawa nan take, sannan asibiti. Tun kafin barin Jos a tambayi asibitin da ya fi kusa da hanya ko yana da allurar dafin maciji, a rubuta lambar a takarda, a kuma bar mota ɗaya da direbanta a shirye da mai a tanki har a dawo.