Yadda za ka gane jarabar caca kuma ka taka mata birki

Likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun jera alamomi 9 a 2013. Wanda ya nuna 4 cikin wata 12 yana buƙatar magani. Ɗaya daga cikinsu ita ce bin asara: an cinye ka, sai ka ƙara kuɗi don ka fanshe. Ga kuma ƙarya ga iyali da cin bashi.

Fara da kuɗi, don niyya kaɗai ba ta riƙewa idan albashi ya shigo. Miƙa katin banki ga wanda ka amince da shi. Nemi kamfanin cacar ya rufe asusunka na caca. Goge manhaja kawai ba ya isa, cikin minti ɗaya ake sake sauke ta. Idan tunanin kashe kai ya zo, je asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, a ranar.