Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura jig na kamun crappie

Duk wanda ya zauna a kudancin Amurka, musamman jihar Misisifi, ya san yadda mutanen wurin suke ji da kifin da suke kira crappie. Kifi ne mai faɗi kamar karfasa, namansa fari, ga daɗi a suya. A madatsar ruwan Enid ta wannan jiha aka kama wani farin crappie mai laba 5 da oza 3 a 1957, har yau masu fatsa suna zancensa. Yawanci da jig ake kama shi, wato ƙugiya mai ɗan kan dalma wadda aka ɗaura wa gashin tsuntsu don ta yi kama da ɗan tsurut ɗin kifi. Na jima ina ɗaura nawa da hannu, kuma kusan duk kuskuren da na gani tushensa ɗaya: mutum yana duba jig a bushe bisa tebur, alhali a jiƙe kifi zai gan shi.

Babban kuskure shi ne cika gashi. Gashin da ake amfani da shi ana ce masa marabu, sunan da ya samo daga babba-da-jaka, ko da yake na kasuwa yanzu na talotalo ne da aka rina. Sabon hannu yakan ga kamar in wutsiya, wato gashin da ke bayan jig, ta yi tsiri-tsiri ba ta yi kyau ba, sai ya danƙara. A bushe ta yi buzu-buzu, abin sha'awa. Da ta shiga ruwa sai ta cure wuri guda kamar jiƙaƙƙiyar tsintsiya, ba motsi. Na ga wannan da idona ranar da na tsoma biyu a bahon wanka. Mai yawan gashin ya nutse a sandare. Ɗayan, wanda na rage wa gashi da rabi, ko hannuna ban motsa ba silin gashinsa suna buɗewa suna rufewa kamar abu mai numfashi. Wannan numfashin shi ne ke jawo crappie. Saboda haka ka tsinki abin da kake ganin ya isa, sannan ka mayar da rabinsa.

Tsawon wutsiyar ma haka. In ta zarce, kifi zai riƙa cafkar gashi yana barin ƙugiya, ka ji an taɓa, ka ja ba komai. Wani lokaci kuma gashin ya naɗe a lanƙwasar ƙugiya tun wajen jifa. Wutsiya mai tsawon jikin ƙugiyar ta wadatar. In za ka rage ta, kada ka sa almakashi, domin yana barin baki a daidaice kamar burushi. Kama da ɗan yatsa da babban yatsa ka tsinke, bakin zai fita da ɗan tsini.

Sai wanda ke fara ɗaurin gashi bisa tsurar ƙarfe. Ƙugiya santsi gare ta, kifi biyu ko uku za su ja, sai ka ga jikin jig ɗin yana juyawa ko ya zame baya. Fara naɗa zare tun daga bayan kai har zuwa daidai tsinin ƙugiya, ka ɗiga gam kaɗan, sannan ka ɗora gashi. Amma gam ɗin kada ya taɓa wutsiya, in ya bi gashin ya bushe an gama da motsinta.

Idon ƙugiya da fenti ya toshe, huda shi da allura tun kana gida. A cikin kwalekwale da sanyin asuba ba lokacin wannan aiki ba ne, kuma busasshen fenti mai kaifi yana cin zaren fatsa.

Akwai kuskuren da ba a jikin jig yake ba, a ƙullin da ke haɗa shi da zaren fatsa yake, kuma shi ya fi ba ni takaici domin yana ɓata aiki mai kyau. Ɗan kifi a kwance yake iyo. In ka matse ƙulli ya zame gaban idon ƙugiya, jig zai rataye wutsiya ƙasa, ba ya kama da komai. Ko dai ka tura ƙullin ya hau saman idon, ka sake duba shi bayan kowane kamu, ko ka yi ƙulli mai ɗan zobe wanda ke barin jig ya yi lilo yadda ya so. A bokiti za ka gane wannan cikin minti ɗaya.

Gwajin kansa ma ana yin sa ba daidai ba. Wani zai ɗaura jig a zare mai kauri ya jijjiga shi da ƙarfi, ya ce ya yi. Gwada da irin zaren da za ka fita da shi, mai ɗaukar laba 4 zuwa 6, ka bar gashin ya jiƙe sosai tukuna don iskar da ke maƙale a ciki ta fita. Sannan ka sake shi ka kalli faɗuwarsa, domin sau da yawa crappie yana cafka ne lokacin da jig ke sauka. Sama yake kallo in zai ci, jig ɗin da ya wuce shi da gudu ya yi ƙasa ya tafi a banza. Kai mai nauyin 1/16 na oza, wato kusan giram biyu, shi aka fi amfani da shi. A bazarar can, in kifin ya matso gaɓa don yin ƙwai cikin rassan da suka nutse, 1/32 ya fi, saboda yana sauka a hankali.

In kuma kana narka dalma da kanka, yi a fili inda iska ke kaɗawa, kada ɗigon ruwa ko ɗaya ya faɗa tukunyar, don takan yi tsartuwa ta ƙona fuska. Ka wanke hannu kafin ka ci abinci, kuma ka ajiye kayan inda yara ba za su kai ba.